Feshin ruwa da metanol a injin tarbo: agogon zafin hayaƙi kaɗai ba zai tsare maka fistin ba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu. Ka ce kana da Golf 6 GTI, an sake wa ƙwaƙwalwarta lissafi don ta ƙara ƙarfi. Da sanyin safiya tana tashi yadda kake so, amma tun da bazara ta shigo, in rana ta take ka taka totur a hanyar Zariya sai ka ji ta yi nauyi, wani lokaci har da 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ka ga kayan feshin ruwa da metanol a intanet, kana so ka sa, ka ƙara matsin tarbo, sannan ka ɗaura agogon zafin hayaƙi ya zama mai gadinka. Kana tambaya ko hakan ya isa.

Bai isa ba. Feshin yana aiki, na sa shi da hannuna kuma na ga amfaninsa. Amma agogon da kake son jingina da shi yana iya nuna maka lafiya lau a daidai lokacin da fistin yake cin wuya. Kafin mu je can, mu fara da ƙarar nan, don ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk saƙon naka.

Wannan ƙara daban take da abin da muke cewa a gareji injin ya buga, wato mital ya cinye saboda rashin baƙin mai. Ita wannan a cikin silinda take faruwa. Fulogi ne ya kamata ya kunna wuta, wutar ta bi cakuɗen mai da iska tana ci daga tsakiya zuwa gefe. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗen da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa gaba ɗaya, ya doki kan fistin da bangon silinda. Ƙwanƙwasa ke nan. Motarka tana da kunnen da ke jin ta tun kafin kai ka ji, kuma da ta ji sai ƙwaƙwalwa ta ja tayimin baya, wato ta jinkirta lokacin da fulogi ke kunna wuta. Nauyin da kake ji da rana shi ne motar tana kare kanta. Idan har ƙarar ta kai kunnenka kana zaune a kujerar direba, to abin ya wuce inda kariyar ke iya rufewa. Daga yau ka daina taka ta har ƙasa sai an duba.

Ina zargin tushen matsalar yana cikin lissafin da aka sa maka. Man da muke sha a gidajen mai na nan, ƙarfin jurewarsa ga ƙwanƙwasa, wato okten, yana wajen 91 ne a ma'aunin da mu da Turai muke amfani da shi. Amurka kuwa ma'auninsu daban ne: 91 ɗinsu ya yi daidai da kusan 95 a namu, 93 ɗinsu kuma kusan 98. Sau da yawa yaro zai sauko da lissafi daga intanet ya ga an rubuta 91 a jiki, ya ɗauka na man Kaduna ne, alhali mai rubutun yana nufin man da ya fi namu da maki huɗu. Injin da fistin ɗinsa ke matse cakuɗe ninki 9.6 tun daga kamfani, ga tarbo an ƙara masa aiki, maki huɗu ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ka koma wurin wanda ya yi maka aikin ka tambaye shi da wane ma'auni aka rubuta wannan 91.

Ga kuma zafin garinmu. Iska in aka matse ta zafi take yi, ko famfon ba keke iska ka taɓa za ka ji. A watan Maris ko Afrilu iskar da ke kan kwalta tana kai digiri 40. Kaduna kuma tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, don haka iskar ta ɗan fi ta Legas sauƙi, tarbo sai ya ƙara juyi kafin ya kai matsin da aka umarce shi. In ya matse iskar nan zuwa bar 1.2 (bar ma'aunin matsi ne), tana fitowa daga bakinsa da zafin da ya kai digiri 150 ko fiye. Intakula, wato abin da ke sanyaya iskar kafin ta shiga injin, ita ce za ta sauke shi. To intakular motarka tana maƙale tsakanin kwandensan iyakwandishan da lagireto, kuma ta sha ƙurar hunturu wata uku. Ka sa a ciro ta a wanke ciki da waje. Ka duba matatar iska, fulogi da koyil, ka nemi inda iska ke zurarewa a tiyo. In wani ya cire maka tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba yi a garejojinmu, a mayar da shi. Na ga motoci da dama da wannan kaɗai ya ɗauke musu ƙarar, ba a sayi komai daga waje ba.

Idan an yi duk wannan kuma har yanzu kana son feshin, ga yadda yake aiki. Ka san randar ƙasa tana sanyaya ruwa ne saboda ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. Haka nan feshi. Kilo ɗaya na ruwa yana shanye zafin da ya kai kilojul 2,257 kafin ya zama tururi. Metanol yana shanye kusan 1,100, fetur kuwa wajen 350 kacal. Ana fesa ruwan ya zama kamar hazo a cikin bututun iska, kaɗan ya bushe a hanya ya sanyaya iskar, mafi yawa kuma ya shiga silinda ya bushe a can lokacin da fistin ke matsowa. A can ne babban aikin yake, domin yana sauke zafin ragowar cakuɗen nan da ke son fashewa. Metanol shi mai ne da kansa, okten ɗinsa ya haura 105, kuma yana tafasa a digiri 65, don haka ya fi ruwa saurin bushewa. Iskarmu ta bazara busasshiya ce, feshi ya fi tasiri a cikinta fiye da watan Agusta da iska ke cike da laima.

Dabarar ta girme mu duka. A yaƙin duniya na biyu Jamusawa sun yi amfani da cakuɗen da suke kira MW 50, rabi ruwa rabi metanol, a jiragen yaƙi irin Messerschmitt Bf 109, na 'yan mintoci idan matuƙi yana neman ƙarfin gaggawa. A 1962 kamfanin Oldsmobile a Amurka ya fitar da Jetfire, mota mai tarbo da tankin ruwa da metanol, kuma tun a lokacin sun sa mata abin da ke rage matsi in tankin ya bushe. Duk da haka masu motar sun riƙa mantawa da cika shi, shekara biyu aka yi ana ƙera ta aka daina. A 2016 BMW ta sa wa M4 GTS tanki mai lita 5 a but, tataccen ruwa zalla babu metanol, kuma da ruwa ya ƙare ƙwaƙwalwar motar take rage matsi da tayimin da kanta. Duk waɗanda suka yi abin da ilimi, tambayar da suka fara amsawa ita ce me zai faru ranar da ruwa ya yanke.

Game da abin da za ka zuba: ni a ganina ka fara da kashi 70 ruwa, 30 metanol, kada kuma ka taɓa wuce rabi da rabi. A ƙasashen sanyi ɗaya daga cikin amfanin metanol shi ne hana ruwa daskarewa, mu ba mu da wannan damuwa. Ruwan ya zama tatacce. Ruwan burtsatse da na leda duk suna da gishirin ƙasa da zai toshe bakin feshi a hankali. Ruwan batir yana yi, amma ka karanta jikin gora da kyau, domin akwai wanda aka haɗa da asid. Za ka ga Turawa suna cewa suna zuba ruwan wanke gilashi. Nasu yana da metanol saboda ƙanƙara, namu yawanci sabulu ne da kala. Metanol kuma ka saye shi wurin masu sayar da sinadaran ɗakin gwaji, a mazubi mai rubutu, kada wani ya ba ka tina ko sifirit ya ce duk ɗaya ne. Guba ne mai tsanani. Kusan mililita 10 na iya makantar da mutum, 30 na iya kashewa, yana kuma shiga ta fata. In ya kama da wuta da rana ba a ganin harshenta. Kada ka ajiye shi a gorar ruwa ko ta lemo a gidan da yara suke, ina roƙonka. Kuma kada ka zuba shi a tankin fetur. Ka tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙa'ida, motoci suka lalace, layin mai ya cika gari. Yana cin wasu robobi, yana cin alminiyam, yana jawo ruwa. Tankinsa daban, tiyonsa daban.

Bakin feshi yana zama bayan intakula, kafin bakin totur, kuma ko da wasa kada ya zo gaban sensar da ke auna iskar da ke shiga. Ka ba shi tazara daga sensar zafin iska, domin in ruwa yana jiƙa ta za ta gaya wa ƙwaƙwalwa sanyin da babu shi. Famfon yana bukatar matsi sosai, bar 10 zuwa 14, don ruwan ya fita hazo. Ɗigo-ɗigo ba ya bushewa, bango yake bi. Girman baki kuwa daga yawan mai ake lissafa shi. Injin da ke ba da ƙarfin doki 250 yana shan fetur wajen mililita 1,400 a minti in an taka shi har ƙasa. Feshin da ake nema kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na wannan ne, wato mililita 210 zuwa 350 a minti. Fara da ƙarami. In ya yi yawa za ka ji motar tana shaƙewa tana tsallake wuta. Dole ne a sa bawul mai rufewa da lantarki dab da bakin feshi, musamman in tanki ya fi shi tudu, don kada ruwa ya tsiyaya cikin bututu mota tana ajiye. Ruwa ba ya matsuwa. In ya taru a silinda ka tayar, kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, shi ne zai lanƙwashe.

Yanzu agogon. Abin da ke auna zafin wata 'yar sanda ce mai wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban a ciki, irin da ake kira nau'in K. Wurin zamanta na gaskiya shi ne kafin tarbo, inda hayaƙin silinda huɗu ke haɗuwa. In ka sa ta bayan tarbo za ta nuna ƙasa da gaskiya da digiri 100 zuwa 150, wani lokaci fiye, kuma bambancin yana canzawa da yadda kake taka mota, ba za ka iya cewa bari in ƙara kaza a kai ba. A injinka manifol, wato mahaɗar hayaƙin nan, da gidan tarbo a haɗe aka zuba su, don haka sai an sauke duka kafin a huda. Kada ka yarda a huda a jikin mota, ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya isa ya ɓata fukafukan tarbo. Mai walda da ya iya aikin zubin ƙarfe za ka nema, a Panteka akwai masu hannu. Sandar ta zama mai kyau, domin mai araha in kanta ya karye, ta cikin tarbo zai bi. Wayarta kuma ta musamman ce. In mai wayarin ya ga ta gaza ya ƙara da wayar tagulla, karatun ya tashi daga aiki.

A injin fetur mai tarbo, kafin tarbo, digiri 800 zuwa 880 a cikakken totur abu ne da aka saba gani. In ya haura 900 ka sa ido, 950 kuwa ka ɗaga ƙafa. Za ka ga wasu suna cewa kada a wuce 700. Masu injin dizal ne, lissafinsu daban.

To ga inda mutane ke faɗawa rami. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, wutar cikin silinda kuwa tana haura 2,000. Me ya sa fistin ba ya narkewa kullum? Saboda akwai wata siririyar iska da ke kwance a kansa kamar mayafi, wuta ba ta taɓa ƙarfen kai tsaye, ga baƙin mai ana watsa masa ta ƙasa. Ƙwanƙwasa tana yage mayafin nan. Zafin da ya kamata ya fita ta salansa sai ya shige cikin fistin da top silinda. Sakamakon haka, lokacin da injin ke ƙwanƙwasa allurar agogon hayaƙi tana iya tsayawa cak, ko ma ta sauka. Kai kana murna zafi ya ragu, gefen fistin wajen ringi yana gutsurewa. Haka kuma in ka tura tayimin gaba, zafin hayaƙi sauka yake yi, domin wutar ta gama ci da wuri a cikin silinda. In ƙwaƙwalwa ta ja shi baya sai zafin ya hau, domin mai yana ƙarasa ci a hanyar fita. Wanda ke gyara da agogon nan kaɗai zai yi ta ƙara tayimin yana ganin allura tana sauka, yana tafiya kai tsaye zuwa inda injin zai fashe. Ƙari a kan haka, sanda ɗaya matsakaicin silinda huɗu take ba ka. Manifol ɗin iska an ƙera shi don busasshiyar iska ne, ba lallai feshi ya rabu daidai ba. Silinda ɗaya na iya samun kaɗan, zafinta ya ɓuya cikin na sauran ukun.

Amfanin agogon na gaskiya shi ne tsare tarbo da bawul ɗin hayaƙi a doguwar tafiya, irin in ka ɗauki hanyar Abuja ka daɗe a kan totur, da kuma nuna maka in wani abu ya canza daga yadda ka saba gani. Don wannan ina son sa, kuma ina ba ka shawara ka sa. Amma shaidu uku ake haɗawa, agogon shi ne na farko. Na biyu shi ne lamda, ma'aunin yawan mai a cikin iska: a cikakken matsi kana neman wajen 0.78 zuwa 0.82. Ka karanta lamda, ka bar lissafin 14.7, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, domin metanol nasa daidaiton wajen 6.4 ne, in suka cakuɗu lambar tana rikitar da mai koyo. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne yawan tayimin da ƙwaƙwalwa ke janyewa a kowace silinda. Wayar VCDS, wadda ake karanta ƙwaƙwalwar motocin Volkswagen da ita, da kwamfuta za su nuna maka wannan ɗaya bayan ɗaya. Digiri ɗaya ko biyu jefi-jefi ba komai. In kana ganin biyar ko shida a jere, injin yana kuka ne.

Tsarin aikin shi ne a fara gyara motar ba tare da feshi ba, da man da kake sha kullum, da tsakar rana, har janyewar tayimin ta kwanta. Wannan shi ne lissafin gida, wanda motar za ta koma kansa ko yaushe. Sannan a kunna feshi ba a taɓa komai ba, a sake aunawa. Feshin ya fara fita kaɗan-kaɗan daga wajen bar 0.5, ya cika kafin matsi ya kai ƙololuwa. Mafi yawan mutane a nan ya kamata su tsaya, domin ƙarfin da rana ke ƙwace musu ya dawo, kuma in ruwa ya ƙare babu abin da zai lalace. Ni da motar tawa ce, a man da muke da shi, wanda na wannan gidan mai ba ya zama ɗaya da na wancan, nan zan tsaya. Gwajin a giya ta uku ko ta huɗu ake yi daga ƙasan juyi zuwa sama, kuma gudu ne mai yawa. In ba ka samu na'urar gwajin ƙarfi ba, kada ka yi shi a Kawo ko titin Ahmadu Bello cikin masu Keke Napep da 'yan makaranta. Wuri mara jama'a, wani yana tuƙi, wani yana riƙe da kwamfuta.

In ka nace sai ka ƙara matsi da tayimin a kan feshi, to ka sani ran injinka ya koma hannun famfo ɗaya, fis ɗaya da rami mai kamar bakin allura. Akwai wani matashi da ya kawo mini motarsa a kan janwe shekarun baya. An yi masa lissafi mai zafi a kan feshi, yana da agogon hayaƙi mai kyau, yana da fitilar da ke nuna famfo yana aiki. Tataccen ruwa ya yanke masa, ya riƙa zuba na burtsatse na wasu makonni. Bakin feshi ya toshe, famfo yana ta juyi, fitila tana ci, ruwa ba ya fita. Ya ce mini har lokacin da hayaƙi ya turnuƙe bayansa allurar ba ta kai 900 ba, kuma na yarda da shi. Da muka buɗe, fistin na uku ya gutsure ta gefe, bangon silinda ya karce. Na ji zafin abin sosai, domin kuɗin da ya tara ne na shekaru.

Fitilar famfo wutar lantarki kawai take shaida. Abin da kake bukata shi ne sensar da ke auna gudun ruwan kansa a cikin tiyo, wadda ta san in ya yi kaɗan saboda toshewa, ta kuma san in ya yi yawa saboda tiyo ya fashe. A haɗa ta da sensar da ke cikin tanki, su biyun a ɗaura su a kan bawul ɗin lantarki da ke sarrafa matsin tarbo, wanda masu Volkswagen ke kira N75, ta yadda da an samu matsala zai saki, matsi ya faɗo zuwa ɗan abin da sifirin ɗin tarbo kaɗai ke iya riƙewa. Idan mai yi maka lissafi zai iya sa ƙwaƙwalwa ta koma lissafin gida da kanta, ya fi. Ƙararrawa ko fitila ba su wadatar ba. Kafin ido ya gani ƙafa ta ɗaga, injin da ke juyi 6,000 a minti ya kunna wuta sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Bayan an haɗa, a gwada da gangan: a cire fis ɗin famfo, a taka a hankali ana kallon kwamfuta, a tabbatar matsi ya faɗi. A sake gwadawa da tiyo a matse. Duk lokacin da za ka canza baƙin mai, ka kwance bakin feshi ka fesa a fili ka ga hazon da idonka, ka wanke 'yar matatarsa.

Kafin ka tura kuɗin kayan nan, ka samo mini abu uku: sunan man da aka rubuta lissafinka a kansa da ma'auninsa, hoton fulogi huɗun a jere yadda suka fito daga silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu, da karatun VCDS na tafiya ɗaya da rana mai nuna zafin iska, matsi, lamda da janyewar tayimin, ba tare da ka kai ta inda take ƙara ba. A fulogin ina neman ɗige-ɗige kamar barkono ko ƙyallin alminiyam a jikin farin. In na gan su, sai mun auna matsin kowace silinda kafin mu sake maganar feshi.